Daga Ubangida Zuwa Yaro: Yadda Gwanayen Jaz Suka Gaji Juna, Suka Kuma Saɓa wa Juna

Duk wanda ya tashi lissafa gwanayen kiɗan jaz, da sunan Buddy Bolden yake farawa, alhali kuwa babu wani mai rai a yau da ya taɓa jin busar mutumin. Bolden ɗan birnin New Orleans ne a jihar Louisiana ta Amurka, an haife shi a 1877, kuma tsofaffin makaɗan garin da suka riske shi sun haɗu a kan cewa a farkon ƙarni na 20 babu mai busa ƙaho da ƙarfi da zafi kamarsa. A 1907 ya samu taɓin hankali, aka kai shi asibiti, can ya zauna har ya rasu a 1931, kuma har yau ba a samu ko faifai ɗaya mai ɗauke da busarsa ba. Shekara goma bayan an rufe shi, a watan Fabrairun 1917, wasu samari biyar farar fata 'yan garinsu, masu kiran kansu Original Dixieland Jass Band, suka shiga ɗakin ɗaukar sauti na kamfanin Victor a New York suka yi faifan garmahon da ake ƙirgawa a matsayin na farko a tarihin jaz. Jerin shahararrun jaz, ke nan, jeri ne na waɗanda na'ura ta ɗauka, mai na'urar kuwa shi ke zaɓen wanda zai ɗauka, kuma ya kamata a riƙe wannan a zuci kafin a shiga cikin sunayen.

New Orleans gari ne mai tashar jiragen ruwa da ya ratsa hannun Faransa da Sifen kafin ya koma hannun Amurka a 1803, shi ya sa al'adunsa suka bambanta da na sauran garuruwan kudancin ƙasar. A zamanin bauta akan bar bayi su taru ranar Lahadi a wani fili da ake kira Congo Square su yi kiɗa da rawa irin ta inda aka kamo iyayensu, abin da aka hana a yawancin sassan ƙasar. Bayan soke bauta a 1865, abubuwa da dama suka taru a kunnen yaron da ya tashi a garin: waƙoƙin coci inda jagora ke bayarwa jama'a na amsawa, da buluz, wato waƙar kukan zuci ta manoman auduga, da kiɗan fiyano na ragtayim, da kuma kiɗan 'yan badujala masu raka gawa maƙabarta da sanyin jiki su dawo da kiɗan rawa. Sai kuma siyasa ta yi nata aikin. Akwai a garin wani rukuni na masu jinin gauraye da ake kira Kiriyol, waɗanda suka yi karatun kiɗa irin na Turai, suka iya karanta shi a takarda, suna kuma ganin sun fi sauran baƙaƙe daraja. Dokokin wariyar launin fata, waɗanda kotun ƙolin Amurka ta tabbatar a shari'ar Homer Plessy ta 1896, shi ma ɗin ɗan Kiriyol ne na New Orleans, suka zuba su a kwando ɗaya da baƙaƙen da suke rainawa. Mai karanta kiɗa a takarda da mai ɗaukarsa da kunne suka wayi gari suna neman abinci a ƙungiya ɗaya, kowa ya ɗebi na wani.

Abin da ya fito daga wannan gauraya yana da ƙa'ida guda da sai an fahimce ta za a gane dalilin da ya sa wani ya shahara wani bai shahara ba. Makaɗan jaz sukan fara da karin wata waƙa da kowa ya sani, su kaɗa shi sau ɗaya, sannan su ajiye karin su riƙe ginshiƙan sautin da aka ɗora shi a kai, kowane makaɗi ya karɓi zagayensa ya gina sabon kari nan take a kan waɗannan ginshiƙai, sauran suna tallafa masa suna kuma amsa masa, har a dawo kan karin farko a rufe. Waƙar da aka kaɗa jiya da wadda za a kaɗa yau sunansu ɗaya, amma cikinsu daban. Saboda haka darajar makaɗi tana ga muryar kayan kiɗansa da irin tunanin da yake zubarwa a take, har ya zama mai sauraro zai gane shi cikin 'yan daƙiƙoƙi ko da bai ga sunansa ba. Irin wannan abu takarda ba ta iya ɗauke shi duka. Sai yaro ya tsaya kusa da gwani dare bayan dare, ya ji, ya kwaikwaya, a kunyata shi a gaban jama'a, ya koma ya gyara. Shi ya sa nake ganin hanya mafi dacewa ta karanta tarihin jaz ita ce a bi shi a matsayin silsila ta ubangida da yaronsa, kamar yadda ake bin kowace sana'a ta gado, sai dai a wannan sana'ar yaro ba ya zama gwani sai ya saɓa wa wanda ya koya masa.

Misali na farko shi ne mafi girma. Louis Armstrong, wanda aka haifa a 1901 cikin talauci na innanaha, ya harba bindiga sama a daren shiga sabuwar shekarar 1913, aka kai shi gidan horon yara baƙaƙe, a can ne kuma aka koya masa busa ƙaho yadda ya kamata. Da ya fito sai ya liƙe wa Joe Oliver, wanda ake yi wa laƙabi da King, yana yi masa aike-aike yana ɗaukar darasi. Oliver ya bi ayarin dubban baƙaƙen da ke barin kudu zuwa masana'antun arewa, ya kafa ƙungiya a Chicago, a 1922 kuma ya aika wa yaronsa ya zo ya zama mai busa na biyu a bayansa. Armstrong ya zo, kuma da an bar shi da halinsa na biyayya da wataƙila ya daɗe a wannan matsayi, amma mai fiyanon ƙungiyar, Lil Hardin, wadda ta aure shi a 1924, ta matsa masa lamba ya fita daga inuwar ubangidansa. Faya-fayan da ya yi tsakanin 1925 da 1928 da ƙananan ƙungiyoyinsa su ne suka juya akalar kiɗan gaba ɗaya. Kafin su, jaz kiɗa ne na taron dangi, ƙaho da kilarinet da sauran kayan busa suna saƙa da juna lokaci guda. Bayansu ya zama fagen da mutum ɗaya ke fitowa ya faɗi nasa. Haka kuma ya nuna cewa murya mai kaushi kamar ana jan buhu a ƙasa za ta iya rera waƙa fiye da mai zaƙi, idan mai ita ya san inda zai jinkirta da inda zai riga kiɗa, ya kuma yaɗa salon rerawa da gaɓoɓin da ba su da ma'ana, inda mawaƙi ke mai da bakinsa ƙaho. Oliver kuwa ciwon dasashi ya zubar masa da haƙora, busa ta gagare shi, ya rasu a Savannah a 1938 yana aikin shara a wani gidan wasan sunuka.

Duke Ellington ya bi wata hanya dabam, domin shi tara yara ya yi ya riƙe su. Ɗan birnin Washington ne daga gida mai rufin asiri, an haife shi a 1899, kuma daga 1927 zuwa 1931 ƙungiyarsa ce ke kiɗa a Cotton Club da ke unguwar Harlem, gidan rawar da baƙaƙe ke nishaɗantarwa amma farar fata ke zama a kujera. Rediyon da ke watsa kiɗan daga wannan gida shi ya kai sunansa ko'ina a ƙasar. Hikimarsa ita ce ba ya rubuta kiɗa don kayan busa kawai, yana rubutawa ne don mutum takamaimai: ya san yadda saksafon Johnny Hodges ke narkewa, ya san nauyin na Harry Carney, sai ya ɗinka wa kowa rigar da ta dace da shi. Carney ya shiga ƙungiyar a 1927 bai fita ba har rasuwar Ellington a 1974, shi ma ya bi shi bayan 'yan watanni. Ellington ya bar kaɗe-kaɗe sama da dubu, da yawa daga cikinsu tare da Billy Strayhorn wanda ya zo masa a 1939, kuma idan aka tambaye ni wanda ya fi kowa cancantar a kira shi babban mawallafin kiɗa na Amurka a ƙarni na 20, ba zan yi jinkiri ba. Amma a shekarun 1930, lokacin da manyan ƙungiyoyi suka mai da jaz kiɗan rawar ƙasa baki ɗaya, Benny Goodman, farar fata mai busa kilarinet, aka naɗa sarkin wannan salo na suwin, alhali wani kaso mai yawa na kaɗe-kaɗen da suka ɗaga shi Fletcher Henderson, baƙar fata, ne ya tsara su. Adalci ya sa a ƙara da cewa Goodman gwani ne na gaske, kuma ya sa baƙaƙen makaɗa Teddy Wilson da Lionel Hampton a dandali ɗaya da shi a lokacin da hakan ke iya jawo wa mutum asarar kasuwar kudu, ya kuma kai jaz zauren Carnegie Hall a watan Janairun 1938. A can Kansas City kuma Count Basie ya gina ƙungiyar da ba ta da na biyu wajen sa ƙafa motsi, tare da Lester Young mai busa saksafon cikin sanyi kamar ba ya so.

Mata biyu da suka fito a wannan zamani sun isa a tsaya a kansu, domin duk mawaƙiyar jaz da ta biyo baya daga ɗayansu ta ɗebo. Billie Holiday, haifaffiyar 1915, muryarta ƙarama ce, ba ta hawa sama sosai, ba ta kuma yi makarantar kiɗa ba. Ita da kanta ta sha faɗin cewa a faya-fayan Armstrong da na Bessie Smith, sarauniyar buluz, ta koyi waƙa. Abin da ta iya shi ne ta ɗauki waƙar soyayya mai arha, irin wadda ake rubutawa a kwana ɗaya don kasuwa, ta ja kalma ta saki wata, ta zauna a bayan kiɗan kamar za ta makara, har waƙar ta koma labarin rayuwar mutum. A 1939 ta fara rera "Strange Fruit", waƙar da wani malamin makaranta Bayahude, Abel Meeropol, ya rubuta a kan baƙaƙen da gungun farar fata ke ratayewa a bishiyoyin kudu. Kamfanin Columbia da take aiki da shi ya ƙi ɗauka, sai ƙaramin kamfanin Commodore ya ɗauka. A 1947 aka ɗaure ta saboda miyagun ƙwayoyi, kuma hukuncin da ya fi ɗaurin ciwo shi ne ƙwace mata katin izinin da 'yan sandan New York ke bai wa masu wasa a wuraren da ake sayar da giya, wanda in babu shi makaɗi ba shi da wurin aiki na yau da kullum a garin. Wannan kati ya karya mutane da yawa. Mai fiyano Thelonious Monk ma ya rasa nasa daga 1951 zuwa 1957, kuma sai a 1967 aka soke tsarin. Holiday ta rasu a 1959 tana da shekara 44, a gadon asibiti, bayan 'yan sanda sun kama ta a kan gadon.

Ella Fitzgerald kishiyar wannan ce ta kowace fuska ta fasaha. Marainiya ce da ta ci gasar sababbin shiga a gidan wasa na Apollo a 1934, mai ganga Chick Webb ya ɗauke ta, da ya rasu a 1939 ta gaji jagorancin ƙungiyarsa tana da shekara 22. Muryarta tsaf take kamar ruwan sama, ba ta kuskuren sauti, kuma idan ta shiga rerawa ba kalmomi takan yi gogayya da masu busa ta fi su. Jerin faya-fayan da ta yi wa kamfanin Verve na Norman Granz daga 1956 zuwa 1964, inda ta bi manyan marubuta waƙoƙin Amurka ɗaya bayan ɗaya, su ne suka zama ma'aunin yadda ake rera waɗannan waƙoƙi. Masu sharhi sun daɗe suna cewa Holiday ce mai zuciya, Fitzgerald mai gwaninta kawai, kuma ina ganin a cikin wannan hukunci akwai wata muguwar ɗabi'a ta son a ga mawaƙiya baƙar fata tana shan wahala kafin a yarda da ita. Akwai kuma wani gurbi da jerin sunayen ya bari: ana tuna mata idan sun riƙe makirufo, a manta da su idan sun zauna a kan kayan kiɗa. Mary Lou Williams ta tsara kiɗa wa Goodman da Ellington, gidanta a Harlem ya zama makarantar dare ga Monk da Bud Powell da Dizzy Gillespie, amma sau nawa ake jin sunanta kusa da nasu?

Tawaye na biyu ya zo a lokacin yaƙin duniya na biyu, kuma shi ma a gindin wani ubangida ya ƙyanƙyashe. Earl Hines, mai fiyanon da ya yi faya-fayan 1928 tare da Armstrong, yana da ƙungiya a 1943 wadda a cikinta akwai mai busa saksafon Charlie Parker da mai busa ƙaho Dizzy Gillespie da wata yarinya mai murya mai faɗi, Sarah Vaughan. Babu faifan kasuwa ko ɗaya na wannan ƙungiya, domin ƙungiyar ƙwadagon makaɗa ta hana mambobinta shiga ɗakin ɗaukar sauti daga 1942 zuwa 1944 a rigimarta da kamfanoni kan kuɗi. Ramin da ya haɗiye Bolden ya sake haɗiye haihuwar sabon salo. Waɗannan samari sun gaji da zama a layi suna karanta takarda don mutane su yi rawa, sai su riƙa taruwa bayan an tashi aiki a wurare irin su Minton's a Harlem, tare da Monk da mai ganga Kenny Clarke, suna kaɗawa da gudun da ƙafa ba ta iya bi, suna cusa sababbin ginshiƙan sauti a ƙarƙashin tsofaffin waƙoƙi. Aka sa wa abin suna bibof. Tattalin arziki ya taimaka masa: soja ya kwashe makaɗa, man fetur da taya sun yi wuyar da yawo da babbar ƙungiya a mota ya gagara, sannan a 1944 gwamnati ta ɗora haraji na kashi 30 cikin ɗari, wanda daga baya aka rage zuwa 20, a kan wuraren da ake rawa ko waƙa, ban da inda ake kiɗa zalla. Mai gidan giya ya ga mutum biyar da ake saurara a zaune sun fi masa riba.

An biya farashi a kan haka. Jama'ar da ke son rawa suka koma wasu kaɗe-kaɗe, jaz kuma bai sake zama kiɗan kowa da kowa ba. Tsakanin tsara biyun aka yi ta jifan juna: Armstrong bai ɓoye ƙyamarsa ga sabon salon ba, samarin kuma suna ganin dariyarsa da farin hankicinsa a gaban Turawa ƙasƙanci ne. Sun zalunce shi, domin a 1957, lokacin da gwamnan Arkansas Orval Faubus ya sa sojoji suka tare yara baƙaƙe tara a ƙofar makaranta a Little Rock, Armstrong ne ya fito ya caccaki shugaba Eisenhower a jarida ya kuma fasa rangadin da gwamnati ke son ya yi zuwa Tarayyar Sobiyet, a lokacin da mafi yawan masu sukarsa suka yi gum. Wani farashin kuma a cikin silsilar kanta yake, domin yaro yakan kwaikwayi ubangida har da aibinsa. Parker, wanda babu mai busa saksafon da ya kuɓuta daga tasirinsa bayan 1945, ya kamu da muguwar ƙwayar heroyin tun yana matashi, samari da yawa kuma suka ɗauka a cikin allurar asirin yake. Ya rasu a 1955 yana da shekara 34, likitan da ya duba gawar ya ƙiyasta shekarunsa tsakanin 50 da 60.

A wannan tsara ne kuma Musulunci ya shiga cikin makaɗan jaz, yawanci ta hannun masu wa'azin Ahmadiyya da ke aiki a unguwannin baƙaƙe na biranen arewacin Amurka. Wasu neman natsuwa da tsari suka kai su, wasu neman sunan da ba na tsohon ubangijin bawa ba, kuma akwai ribar da ba a ɓoye ta: mai suna irin na Larabawa a wasu lokuta yakan tsallake wulaƙancin da dokar wariya ta tanadar wa baƙin Amurka. Frederick Jones ya zama Ahmad Jamal, William Huddleston ya zama Yusef Lateef, mai ganga Art Blakey ya ɗauki sunan Abdullah ibn Buhaina. Blakey ɗin nan shi ya fi kowa mai da riƙon yara sana'a: daga tsakiyar shekarun 1950 har rasuwarsa a 1990 ƙungiyarsa ta Jazz Messengers tana ɗaukar samari, ta goge su, ta sallame su su je su kafa tasu, daga Lee Morgan da Wayne Shorter da Freddie Hubbard har zuwa Wynton Marsalis.

Mai busa ƙaho Miles Davis ya zo New York a 1944 da sunan karatu a makarantar kiɗa ta Juilliard, amma Parker ya zo nema, kuma yana da shekara 19 ya tsaya kusa da shi a dandali. Bai iya gudu da hawa sama irin na Gillespie ba, sai ya mai da wannan rashi jari: ya rage yawan sauti, ya bar shiru ya yi magana. Faifansa na 1959, "Kind of Blue", ya rage ginshiƙan sautin da bibof ya cunkusa, ya bar makaɗi ya daɗe yana yawo a cikin tsani ɗaya na sauti, kuma ana ƙirga shi a matsayin faifan jaz da ya fi kowanne kasuwa. Kimanin mako guda da fitowarsa, 'yan sanda suka fasa masa kai a ƙofar gidan rawa na Birdland inda sunansa ke rubuce a allo, saboda ya ƙi matsawa daga inda yake tsaye. Mai busa saksafon John Coltrane, wanda Davis ya ɗauka a 1955 ya kora a 1957 saboda ƙwaya, ya daina sha a wannan shekarar, ya yi 'yan watanni a hannun Monk, ya koma wa Davis, sannan ya fita ya bi hanyar da ta saɓa wa ta ubangidansa ƙwarai: inda Davis ke tsimin sauti, shi ambaliya yake yi. Faifan da ya ɗauka a Disambar 1964, "A Love Supreme", godiya ce ga Ubangiji daga farko har ƙarshe, kuma bai kai shekara uku bayansa ba ya rasu yana da shekara 40. Ornette Coleman kuwa ya zo New York daga ƙarshen 1959 ya watsar da ginshiƙan gaba ɗaya, abin da ya raba kan makaɗa har yau. Davis bai tsaya ba. Ya tara sababbin yara, Herbie Hancock da Shorter da Ron Carter da Tony Williams mai shekara 17, daga 1969 kuma ya rungumi kayan kiɗa masu lantarki, tsofaffin masoyansa suka ce ya sayar da gida.

Dangantakar jaz da Afirka tana buƙatar a yi taka-tsantsan, saboda kalmar ta riga kiɗan isowa. Ƙungiyoyi irin su OK Jazz ta Franco a Kwango da Bembeya Jazz a Gini sun ɗauki sunan ne da ma'anar ƙungiyar zamani mai jita da ƙaho, abin da suke kaɗawa kuwa ya fi kusa da kiɗan Kuba da na gida. Gwamnatin Amurka ta yi amfani da makaɗan a matsayin jakadu a zamanin yaƙin cacar baka, tana tura mutanen da ba su da cikakken 'yanci a ƙasarsu su je su tallata 'yancinta. Armstrong ya sauka Accra a 1956 ya gana da Kwame Nkrumah, ya dawo a 1960 a rangadin da ya kai shi Najeriya makonni kaɗan bayan samun mulkin kai, Ellington kuma ya yi wasa a bikin fasahar baƙar fata na Dakar a 1966. Inda silsilar ta yi saiwa da gaske shi ne Afirka ta Kudu, wadda wariyarta ta yi kama da ta Amurka: Hugh Masekela yana yaro ya samu ƙahon da Armstrong ya aika, Ellington kuma ya ji Dollar Brand a Zurich a 1963 ya kai shi ɗakin ɗaukar sauti, mutumin da ya musulunta a 1968 ya zama Abdullah Ibrahim. A Habasha Mulatu Astatke ya haɗa jaz da tsanin sautin ƙasarsa. A Legas Fela Kuti da jaz ya fara bayan dawowarsa daga karatu a Landan, kuma mai gangarsa Tony Allen a faya-fayan Blakey da Max Roach ya koyi yadda ake sa hannu biyu da ƙafa biyu kowanne ya faɗi maganarsa. Sau ɗaya aƙalla tafiyar ta juya baya. Yusef Lateef, wanda ya yi aiki a ƙungiyar Gillespie a 1949, wanda kuma ya ƙi jinin kalmar jaz ɗin kanta yana ganin ta raini ce, ya zauna a Zariya daga 1981 zuwa 1985 a matsayin babban mai bincike a Cibiyar Nazarin Al'adun Najeriya ta Jami'ar Ahmadu Bello, inda gwanin da ya haura sittin ya koma ɗalibi yana nazarin sarewar Fulani.

Daraja ta zo wa jaz bayan taron ya watse. A 1965 alƙalan kyautar Pulitzer, babbar kyautar Amurka ta rubutu da kiɗa, sun ba da shawarar a karrama Ellington, hukumar kyautar ta ƙi; a 1997 aka bai wa Wynton Marsalis, yaron Blakey, wanda ya jagoranci kafa sashen jaz a Lincoln Center. Majalisar dokokin Amurka ta ayyana jaz a matsayin taskar ƙasa a 1987, hukumar UNESCO kuma ta ware masa ranar 30 ga Afrilu. Marsalis ya tsaya a kan cewa jaz yana da iyaka, dole a ji buluz da rangwaɗar suwin a cikinsa, ya soki Davis saboda lantarki, har ta kai a 1986 a Vancouver ya hau dandali ba gayyata Davis ya tsayar da kiɗa ya sallame shi. A karon farko yaro ne ke jan kiɗan baya, dattijo na jansa gaba. Yau mafi yawan makaɗan jaz daga jami'a suke fitowa, daga wurare irin su Berklee da ke Boston, sun fi magabatansu sanin ƙa'ida, kuma koken da dattawan sana'ar ke yi shi ne da wuya ka bambanta busar wannan da ta wancan, tun da littafi ɗaya suka haddace, gidajen da yaro zai kwana shida a mako yana kiɗa a bayan gwani kuma sun yi ƙaranci. Koken yana da gaskiya, amma bai kama kowa ba. Samara Joy, wadda ta ci kyautar Grammy ta sabuwar tauraruwa a 2023, a jami'a ta fara sanin jaz sosai, kuma duk mai kunne zai ji Sarah Vaughan a maƙogwaronta. A Landan mai kaɗa bas Gary Crosby da Janine Irons sun kafa Tomorrow's Warriors a 1991 don koya wa yara, musamman baƙaƙe da mata, ta hanyar zama da manya, kuma a can ne samarin Ezra Collective suka haɗu, ƙungiyar jaz ta farko da ta ci kyautar Mercury ta Birtaniya a 2023. Jagoransu, mai ganga Femi Koleoso, ɗan iyaye 'yan Najeriya ne, kuma yana lissafa Tony Allen cikin malamansa. Allen ya yi faifan girmamawa ga Blakey a 2017 a kamfanin Blue Note, inda Blakey ɗin ya yi manyan faya-fayansa, ya kuma rasu a Paris ranar 30 ga Afrilun 2020.